Kafin a fasa ƙasa, a tambayi mai rijiya

Kusan shekara uku ina wuce su safe da yamma. A Blackpool nake zaune, a Preston nake aiki, bas ɗin da nake shiga kuma kan bi titin da ake kira Preston New Road, wanda ya ratsa gonaki da makiyayar shanun madara na yankin Fylde, a gundumar Lancashire da ke arewa maso yammacin Ingila. Tun daga watan Janairun 2017, da zarar mun iso daidai wani ɗan ƙauye mai suna Little Plumpton sai direba ya sassauta. A gefe guda ga shingen ƙarfe da motocin 'yan sanda, a ɗaya gefen ga jama'a tsaye da alluna suna adawa da haƙar iskar gas a wurin, ruwan sama ko sanyi ba ya hana su fitowa. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai wasu dattijan mata ne, sanye da riguna rawaya a kan tufafinsu irin na masu aikin gida, da butocin shayinsu da kujerun naɗewa. Sunan da jikoki ke kiran kaka da shi a nan, shi suka laƙaba wa ƙungiyarsu. Tun 2014 suka fara, lokacin da suka shiga wani fili kusa da wurin suka kafa tantuna suka yi makonni a ciki.

Da farko haushi suke ba ni, ba zan ɓoye ba. Na tashi a gidan da wutar lantarki baƙuwa ce. Na ga idon mahaifiyata yana zubar da ruwa a gindin murhu saboda hayaƙin ɗanyen ice, na ga yadda aka bi bishiyoyin bayan garinmu ɗaya bayan ɗaya aka mayar da su gawayi. To ga mutanen da aka ce akwai iskar gas jibge a ƙarƙashin ƙafarsu, har hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ta ƙiyasta a 2013 cewa duwatsun Bowland na arewacin Ingila suna ɗauke da wajen ƙafa kubik tiriliyan 1,300, amma sun fito titi suna cewa ba sa so. A raina na ce ƙoshi ne kawai ke damunsu.

Yau ba nan nake tsaye ba. Ban koma nasu ra'ayin gaba ɗaya ba, zan zo kan inda muka raba hanya, amma na yarda cewa tsayuwar matan nan a bakin titi tana cikin abubuwan da suka tsare lafiyar wurin, kamar yadda siminti da bututun ƙarfe suke ciki. Kuma na yarda cewa mu a gida Najeriya irinsu muke da ƙaranci, a daidai lokacin da injin haƙa ya iso ƙofarmu.

Abin da suke adawa da shi ana ce masa firakin. Rijiyar mai da muka saba ji, ana huda dutse ne mai raraka kamar soso, inda mai ko gas ya taru tun fil azal, da an huda sai ya taso. Akwai kuma wani dutse mai falle-falle, tsohuwar laka ce da ta daskare, a matse yake ƙam, gas ɗin da ke cikinsa ba ya motsi ko an huda. Don a fito da shi sai a haƙa ƙasa kilomita biyu ko fiye, a karkatar da bakin injin ya yi tafiya a kwance cikin dutsen, sannan a banka ruwa gauraye da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage. Yashin ya cusa cikin tsagar ya hana ta rufewa, gas ya biyo bututu ya hau. Rijiya ɗaya kan sha miliyoyin litocin ruwa. Wani kaso na ruwan yana dawowa sama, kuma ba yadda ya tafi yake dawowa ba: ga gishiri da kan zarce na teku, ga ƙarafa masu guba, ga ɗan burbushin abin da ke fitar da tururi irin na yuraniyom, wanda dama yana cikin dutsen. Sai an san inda za a kai wannan ruwan.

Shin akwai haɗari? Na nemi amsar da gaske, don ina son in kama matan nan da kuskure. A 2012 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, tare da takwararta ta injiniyoyi, sun fitar da rahoto suka ce ana iya shawo kan haɗarin idan aka yi aiki bisa ƙa'ida kuma aka tsaurara sa ido. A 2014 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta ce illar ga maƙwabta kaɗan ce idan an tafiyar da aikin yadda ya kamata. A Disamban 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka, bayan shekaru tana bincike, ta ce aikin yana iya taɓa ruwan sha a wasu yanayi: idan sinadari ya zube, idan simintin da ya rufe bututu bai kama ba, idan aka zubar da ruwan da ya dawo inda bai dace ba. Duk inda na buɗe, wannan "idan" ɗin nake tararwa. Masanan ba ƙarya suka yi ba. Tsagar da ake yi a zurfin kilomita biyu da wuya ta haura ta iso ruwan da rijiyar burtsatse ke kaiwa. Amma bututun nan ta cikin ruwan shan ya bi ya wuce ƙasa, kuma ɗan Adam ne ya zuba masa siminti, wataƙila cikin dare, wataƙila ana matsa masa ya gama da wuri. Wa ya duba? In ya ga aibi, wa zai faɗa wa? In ya faɗa, wa ke da ikon cewa a kashe injin?

A wani ƙauye mai suna Dimock a jihar Pennsylvania ta Amurka, rijiyar ruwan wani gida ta yi bindiga a ranar 1 ga Janairun 2009, saboda gas ya silalo ya taru a cikinta. Mutanen wurin suka yi ta fama, ana ce musu gas ɗin dama can yana cikin ruwansu. Sai a Nuwamban 2022 kamfanin da ke haƙar gas a wurin, wanda a da ake kira Cabot, ya ƙi musanta tuhumar a kotu, ya amince ya biya kimanin dala miliyan 16 a jawo musu ruwan famfo. Shekara goma sha uku da ɗoriya. Yaron da aka haifa ranar da rijiyar ta fashe ya kusa gama ƙaramar sakandare. Abin da ya ja shari'ar har da wannan: da wuya ka tabbatar an ɓata maka ruwa in ba ka da shaidar yadda yake kafin a zo. A Oklahoma ta Amurka kuwa, jihar da kan yi shekara ba ta ga girgizar ƙasa mai maki 3 fiye da ɗaya ko biyu ba, a 2015 an ƙirga kusan 900, a Satumban 2016 kuma aka yi mai maki 5.8 a kusa da garin Pawnee. Yawancinsu ba tsaga dutsen ne ya jawo ba, dura gurɓataccen ruwa cikin zurfin ƙasa ne. Da hukuma ta tilasta a rage durawar, girgizar ta ragu.

A Lancashire ma da girgiza aka fara. Kamfanin Cuadrilla ya gwada firakin a wata rijiya a Preese Hall a 2011, sai ƙasa ta motsa da maki 2.3 a ranar 1 ga Afrilu, ta sake motsawa da 1.5 a watan Mayu. Aka dakatar. Da gwamnati ta ba da izinin ci gaba a ƙarshen 2012, sai ta gindaya wani sharaɗi da nake ganin shi ne ƙashin bayan labarin nan duka: a binne na'urorin auna motsin ƙasa kewaye da wurin, kuma da zarar an ga maki 0.5 a lokacin da ake tura ruwa, a tsaya. Maki 0.5 ba abin da mutum zai ji ba ne, motar ɗaukar kaya da ta wuce ƙofar gida ta fi shi girgiza taga. Kamfanin ya amince da sharaɗin. Da aka fara aiki na gaske a Preston New Road ranar 15 ga Oktoban 2018, cikin makonni kaɗan aka yi ta tsayawa ana tashi. Kamfanin ya shiga kuka, wai wannan iyaka za ta shaƙe sana'ar, wai a wasu ƙasashe sai an kai maki masu yawa ake tsayawa. Gwamnati ta ƙi ɗaga iyakar. Alƙaluman kuwa ba a ɗakin wani darakta suke kulle ba, hukumar binciken ƙasa tana sa su a intanet, duk mai waya zai gani. Wata abokiyar aikina da mahaifiyarta ke zaune kusa da wurin takan duba su a lokacin hutun shan shayi, kamar yadda muke duba farashin dala.

Ranar Litinin 26 ga Agustan 2019, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, ƙasa ta motsa da maki 2.9. Mutane sun ji a Blackpool da Lytham da ƙauyukan kewaye. Ni ina Bauchi ranar, na je Babbar Sallah ban dawo ba tukuna. Saƙon ya same ni ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidan kawuna, a wani ƙauye na ƙasar Alkaleri da ba shi da nisa sosai da Barambu, inda tun watan Fabrairun shekarar aka kafa injin haƙar rijiyar mai ta Kolmani ta biyu. Duk hirar majalisa ta mai ce. Wa zai samu aikin gadi, nawa fili zai koma, yaushe za a yi kwalta. Na karanta wa Kawu saƙon, na fassara masa, na ba shi labarin tsofaffin matan nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗana, Allah Ya kawo mana arziki har bakin ƙofa, kai kuma kana kawo mana zancen matan Turawa?" Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, ni ma ina son arzikin nan. Amma rijiyar nan ta bayan gida, da ta masallaci, akwai wanda ya zo ya ɗebi ruwansu ya auna kafin a fara haƙa?" Ya ce shi dai bai ga kowa ba. Ya ƙara da cewa ruwan rijiyarsa tun zamanin mahaifinsa garau yake, kowa ya sani. Na ce, "Kawu, kowa ya sani a nan. Ranar da za a je gaban alƙali, takarda za a tambaya."

In faɗi gaskiya a fili, don kada wani ya ɗauki maganata ya tayar da hankalin mutane: abin da ake yi a Kolmani haƙar mai ce ta al'ada, ba firakin ba, kuma ba ina cewa ƙasa za ta girgiza a Alkaleri ba. Sai dai bututun da ke ratsa ruwan sha, da ramin da ake tara lakar haƙa, da manyan motoci, da gonar da aka karɓe, da harshen wutar da ake ƙona gas da shi dare da rana, duk rijiyar mai tana tafe da su, ko wace iri ce.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan girgizar, ranar 2 ga Nuwamban 2019, gwamnatin Birtaniya ta dakatar da firakin a Ingila, bisa rahoton hukumar mai da gas da ya ce da ilimin da ake da shi ba za a iya hasashen girman girgizar da aikin zai jawo ba. Wata uku kafin nan da an tambaye ni da na ce kamfanin ne zai yi nasara. A Oktoban 2019 kuma kamfanin mai na Najeriya ya sanar da cewa an samu mai a Kolmani, gari ya ɗauki murna.

Kada a ɗauka wai a Ingila talaka na buɗe baki gwamnati ke cewa to. Ko kusa. A watan Yunin 2015 zaɓaɓɓun kansilolin gundumar Lancashire sun kaɗa ƙuri'a suka ƙi ba da izinin aikin, saboda hayaniya da ɓata yanayin karkara, duk da cewa ma'aikatansu na tsara ƙasa sun ba da shawarar a amince. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, a Oktoban 2016 minista Sajid Javid daga Landan ya soke hukuncin gundumar. A 2015 ɗin nan aka yi dokar da ta ba kamfanoni damar ratsa ƙarƙashin gidan mutum ba da izininsa ba, muddin zurfin ya wuce mita 300. Man da ke ƙasa kuwa tun 1934 doka ta ce na masarauta ne, wato na gwamnati, kamar dai yadda sashe na 44 na tsarin mulkinmu ya damƙa shi ga gwamnatin tarayya, dokar mallakar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasar kanta a hannun gwamna. A Satumban 2018 an ɗaure mutum uku a kurkuku saboda sun hau kan motocin da ke kai kaya wurin sun yi kwanaki a kai, sai kotun ɗaukaka ƙara ta sake su bayan 'yan makonni, ta ce hukuncin ya yi tsauri fiye da kima. A Amurka ma mutanen garin Denton na Texas sun yi ƙuri'a a Nuwamban 2014 suka haramta firakin a cikin garinsu, bayan wata shida majalisar jihar ta yi dokar da ta ƙwace wannan iko daga hannun garuruwa. Mai ƙarfi ɗaya ne a ko'ina.

Abin da mutanen Fylde suke da shi wanda kawuna ba shi da shi, an ja layi tun kafin a fara, an sa lamba a kan layin, an ajiye ma'auni inda kowa zai gani, kuma akwai mutane a bakin ƙofa kullum da ba za su bari a goge layin cikin dare ba. Na tabbata da ba don idon jama'a ba, da an ɗaga 0.5 ɗin nan a wani taro da ba wanda zai ji labarinsa. Kowane minista ya san cewa in ya taɓa shi, kafin la'asar maganar ta cika gari. An ga ƙarfin wannan a 2022. Yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, mu kanmu da hunturu ya kama sai da muka riƙa lissafin sa'o'in kunna ɗumama ɗaki. Liz Truss ta zama Firaminista ta ɗage dakatarwar a watan Satumba. 'Yan jam'iyyarta da ke wakiltar yankunan da za a haƙa, har da na Fylde, suka tayar mata, don sun san waɗanda suka zaɓe su. Ƙuri'ar da aka yi kan batun a majalisa ranar 19 ga Oktoba ta rikiɗe ta zama hargitsi, washegari ta yi murabus. Ba firakin kaɗai ya kayar da ita ba, gwamnatinta dama tana tangal-tangal, amma shi ne turin ƙarshe. Rishi Sunak da ya gaje ta ya mayar da dakatarwar cikin makon da ya hau.

Mu kuwa me muka fi tattaunawa? Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin Kolmani, aka ambaci gangar mai sama da biliyan ɗaya, da matatar mai, da tashar wuta, da masana'antar taki. Na bi muhawarar a Facebook daga nan. Mafi zafinta ita ce rijiyar ta Bauchi ce ko ta Gombe, wace jiha za ta ci kashi 13 cikin ɗari na kuɗin man, da kuma cewa yanzu 'yan kudu za su daina yi mana gori. Da ƙyar ka ga mai tambayar inda za a zubar da lakar haƙa, ko yadda za a yi da makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin, ko nisan aikin da dajin Yankari da ruwan Wikki, waɗanda su ma a ƙaramar hukumar Alkaleri suke. Wanda ya yi tambayar kuwa sai a ce maƙiyin arewa ne, ko ba ya son ci gaba.

Wannan ya fi komai ɓata mini rai, domin ba sai mun tsallaka teku za mu ga abin da ke faruwa ba. Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni, ta ce a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, wanda ke jawo cutar daji, ninki 900 sama da iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. An rataye Ken Saro-Wiwa, marubucin da ya jagoranci fafutukar mutanen Ogoni kan ɓarnar mai, da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Mu 'yan arewa, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun daɗe muna jin koken mutanen Neja Delta kamar rigimar rabon kuɗi ce kawai. Ba mu ɗauki abin a matsayin maganar matar da ta jefa guga ta jawo ruwa mai warin kananzir ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, mu kuwa kallo muka yi. Ko a cikin gidanmu an yi: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Can ba kamfani ba ne, talauci ne da rashin mai faɗa, amma asalin ciwon ɗaya ne: an fito da abin da ke cikin ƙasa, ba wanda ya auna komai sai da aka fara binne yara.

Doka kam muna da ita. Tun 1992 akwai wadda ta wajabta a yi nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Amma rahoto mai ɗaruruwan shafuka da Turancin injiniyoyi, a ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma, wane manomi ya gani? Me zai hana a taƙaita shi da Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo, a karanta a ƙofar fadar hakimi ranar kasuwa? Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani ga asusun al'ummar da ake haƙa a ƙasarsu, ta kuma ware kashi 30 na wata ribar kamfanin mai na ƙasa don neman mai a sababbin wurare irin namu. A cikin dokar nan akwai sashen da ya ce in aka yi ɓarna ko tarzoma ta lalata kayan aiki, daga kason al'umma za a cire kuɗin gyara. An tanadi hukuncin gari in ya yi laifi. Ina lambar da in kamfani ya tsallake ta, mai unguwa zai iya nunawa ya ce a tsaya? A Ingila ma an yi tayin kuɗi, fam dubu 100 ga al'umma a kowane wurin haƙa da kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shiga, kuma da yawa sun ce a riƙe. Ba zan nemi kawuna ya ƙi kuɗi ba, bai kai matsayin da zai ƙi ba. Ina neman kada kuɗin ya zama abin toshe baki.

Inda na raba hanya da matan nan shi ne, mafi yawan gidajen Birtaniya da gas ake ɗumama su, har nasu, har nawa. Da aka rufe rijiyar Little Plumpton ba a rage kunna murhu ba. Jiragen ruwa na ci gaba da sauke gas a Milford Haven, mai yawa daga ciki daga Amurka, inda da firakin ɗin nan aka fito da shi a bayan gidan wani. Daga tsibirin Bonny ma gas na zuwa Turai, alhali ƙauyukan Neja Delta na kwana cikin hasken wutar da ake ƙonawa. Na faɗa wa abokiyar aikin nan tawa haka, ta ce gaskiya ne, amma ita ƙofar uwarta kaɗai take iya tsarewa. Na daɗe ina juya amsar. Ba ta gamsar da ni ba, sai dai ta nuna mini cewa ba wanda zai taso daga wata ƙasa ya tsare mana tamu ƙofar. Don haka ni ban ce kada a haƙa man Kolmani ba. Ƙasar da mata ke mutuwa da ciwon ƙirji saboda hayaƙin ice, da matasa ke zaune ba aiki, ba ta da hujjar barin gas a ƙasa don ta burge waɗanda suka ƙona nasu shekara ɗari biyu.

Masu cewa wannan duk tsirfar Turawa ce, su dubi In Salah a tsakiyar Saharar Aljeriya. A farkon 2015 mutanen garin, maza da mata masu lulluɓi, suka zauna a dandali watanni suna adawa da gwajin firakin, don ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne ransu da ran dabinonsu, in ya ɓaci ba kogin da za su koma. A Chadi kuma, a Agustan 2013, gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin mai na China bayan an ga ɗanyen mai zube a ramuka a kudancin Njamena. Baƙar fata ma ya san ciwon ruwansa, kuma gwamnatin Afirka ma tana iya kashe injin in ta ga dama.

Da na koma gida bara, na sake tayar wa Kawu da maganar. Wannan karon bai ce zancen matan Turawa ba ne. Aikin ya yi sanyi, alƙawuran ba su iso ƙauyensu ba, zumuɗin ya lafa, kunne ya buɗe. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, yanzu da injin ya yi shiru ne lokacin aunawa. Muka kira mai unguwa da liman da wani malamin makaranta, a gabansu aka ɗebi ruwan rijiyar gida, da ta masallaci, da na burtsatsen bakin kasuwa, kowace kwalba aka rubuta mata suna da kwanan wata, su ukun suka sa hannu a takarda. Ɗan Kawu ya kai su wani ɗakin gwaji a birni, ni na biya, kuɗin bai kai na buhun taki biyu ba. Sakamakon ya nuna ruwan ba mai a cikinsa, sai dai na masallaci yana da ƙwayoyin cuta saboda kusancinsa da masai, abin da ba mu je nema ba, aka kuwa gyara bakin rijiyar. An yi kwafi uku. Ɗaya yana wurin mai unguwa, ɗaya na ɗauki hotonsa a wayata, ɗayan kuma Kawu ya naɗe shi a leda ya sa a akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gonarsa. Ya ce in Allah Ya kai mu baɗi bayan damina a sake ɗiba, kuma a haɗa da rijiyar Fulanin da ke mashaya.